Faɗan Aminin Uba

A Kudai, bayan tashar manyan motocin da ke kwasar alhazai zuwa Harami, akwai wani ɗan shago da ake gasa tsire. Larabawan Makka sire suke ce masa, kuma suna bin layi a kansa kamar kakanninsu ne suka ƙirƙiro shi. Mai shagon sunansa Munzali, dattijo ne baƙi siriri, haifaffen Makka, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa ya zo hajji bai koma ba.

Munzali ba shi da kowa a kusa. Matarsa Hure ta rasu, ɗansa Nawaf yana aiki a Riyad, 'yarsa Manar tana aure a Dammam. In ya kira su ya yi musu Hausa, da Larabci suke mayar masa, jikokin kuwa ko sannu sai an fassara musu. Mutanen unguwar da ya tashi a cikinsu, tun da aka rushe gidajen don faɗaɗa gari kowa ya kama gabansa, wasu unguwar Ka'akiyya, wasu lahira. Mutum ɗaya ya rage masa da zai kira nasa, shi ma ba Bahaushe ba ne. Abu Rayyan ke nan, Bafalasɗine, tsohon makanikin motocin alhazai.

Kullum bayan la'asar, kafin a hura gawayi, Abu Rayyan zai taho yana jan ƙafarsa mai ciwo, ya zauna a bencin ƙofar shago su sha shayi da na'ana'a. Tun gashin kansu na baƙi suke wannan zama. Su yi musu a kan ƙwallo, su yi musu a kan wa ya girmi wani. Abu Rayyan ya rantse yajin Munzali sai ya kashe mutum wata rana, ya kuma miƙo hannu a ƙara masa. Ranar da aka kai Hure makwancinta, shi ya riƙe Munzali a bakin kabari don kada ya faɗi. In aka ɗauke wa Munzali wannan zama na la'asar, to daga shi sai gawayi.

To, Abu Rayyan yana da 'ya mai suna Raghad. A bayan Hure ta girma, don uwarta ta daɗe tana jinya kafin ta rasu, har tuwo da miyar kuka yarinyar ta iya ci da hannu tana lasar yatsa. Ta yi aure can Falasɗinu, a garin Nablus, ta haifi ɗa namiji ɗaya tak. Wata ranar hargitsi yaron yana dawowa daga makaranta harsashi ya same shi. Auren ma bai jure wannan rashi ba. Daga baya ta sami aikin koyarwa a wata ƙasar Turai ta tafi.

A can ta shiga wata ƙungiya ta iyayen da suka rasa 'ya'yansu, Falasɗinawa da 'yan Isra'ila, masu zama wuri ɗaya suna cewa jinin da aka zubar ya isa haka. Aka ɗauki bidiyonta a wani taro, ita da wata Bayahudiya da bam ya kashe wa 'ya a cikin motar haya, sun rungume juna suna kuka. Kafin ka ce kwabo bidiyon ya zagaye wayoyin Falasɗinawan Makka da Jidda.

Dama gidan nasu a rabe yake. Abu Rayyan ya daɗe yana bayan ɓangaren da ke cewa a zauna a teburi a daidaita, ƙanensa Sabri kuwa yana bayan masu cewa ba abin da zai dawo da ƙasa sai bindiga. Sun yi shekaru ba su ci abinci a tire ɗaya ba, ko a wurin biki kowa da kusurwarsa da jama'arsa. Da bidiyon nan ya fito, Sabri da kansa ya taka har gidan yayansa, ya ajiye masa waya a cinya ya ce, “Ga abin da sulhunku ya haifa.” Kunya ta kama Abu Rayyan, kunyar ta koma fushi, ya ce a gaban mutane ba shi ba Raghad.

Wai! Daga ranar zaman la'asar ya lalace. Ba ƙwallo, ba tsokana. Abu Rayyan zai zauna shayi na hucewa a hannunsa yana nanata magana ɗaya.

“Ta sayar da jinin ɗanta don a tafa mata, ya Munzali. Ta tsaya a kan kabarin yaron ana ɗaukarta hoto. Macen da ta san zafin haihuwa ba za ta yi haka ba.”

Munzali sai dai ya ce, “Ka bi a hankali. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Abu Rayyan ya ce shi nasa ya yanke, ya yar.

Ana nan, wata rana da hantsi Munzali yana yanka nama yana tsirewa a tsinke, sai ya ji an yi sallama an ce, “Ammu Munzali,” wato Baffa Munzali da Larabci. Ya ɗaga kai ya ga mace cikin baƙar abaya, ta rame har idanunta sun faɗa. Da ƙyar ya gane Raghad ce. Ta zo umra, ta sauka a masauki kamar baƙuwa, a garin da aka haife ta. Ta je ƙofar ubanta ya ƙi buɗewa.

Ya jawo mata kujera, ta zauna ta ba shi labarin da bidiyon bai ɗauka ba. A wani taron bayan wancan, ta miƙe ta ce zaman lafiya ba zai zauna ba ana ci gaba da ƙwace gonaki da tare hanyoyi, ta faɗi wanda ke riƙe da bindiga ranar da ɗanta ya faɗi. Washegari wata jarida ta buga cewa ga malama mai ƙin jinin Yahudawa tana koyar da yara. Makarantar ta dakatar da ita. Ƙungiyar tasu ma ta dare biyu, wasu suka ce ta fito ta nemi gafara, wasu suka yi fushi suka fice. Bayahudiyar nan ce kaɗai ta fito fili ta ce ƙarya ake yi wa Raghad, sai ita ma mutanenta suka sa mata sunan maci amana.

“Gaba kura baya siyaki, Ammu,” in ji ta, da 'yar Hausar da ta koya a ɗakin Hure, sannan ta koma Larabci. “Can sun ce na tsani Yahudawa, nan sun ce na sayar da kaina ga Yahudawa. Ni da matar nan mun zama kamar marayu biyu. Ban zo don Baba ya ce na yi daidai ba. So nake kawai ya buɗe mini ƙofa in zauna a ɗakin uwata. Na gaji. Kai kaɗai ne na san ba za ka yi mini kallon da kowa ke yi mini ba.”

Tausayi ya cika Munzali har ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, “Gobe bayan la'asar ki same ni a nan. Ki bar mini sauran.”

Ya san abin da zai yi, don ya ga ubansa yana yi tun yana ƙarami. A unguwar Hausawan Makka ta da, in ɗa ya saɓa wa ubansa har aka kai ga kora, aminin uban ake nema. Shi zai tasa yaron a gaba har gida, ya durƙusar da shi, ya rufe shi da faɗa kamar zai cinye shi ɗanye. Duk maganar da ke cikin uban, aminin zai kwaso ta ya zazzage wa yaron, har uban ya duba cikinsa ya ga ba sauran abin faɗa. Ko yaron ne ke da gaskiya haka ake yi. Can sai uban ya ji zuciyarsa ta karaya ya ce, “Haba Malam, ya isa haka, ai yaro ne.” Sai aminin ya ce, “To, tunda ka ce haka, kai tashi ka ba ubanka haƙuri.” A yi addu'a, a raba goro, washegari manyan su haɗu suna dariya. Ba a gaya wa yaron tun da wuri, don hawayen nasa ya zama na gaske. Amma kowa a unguwar ya san wannan hanya, har yaron da ake yi wa faɗan.

Abin da bai zo wa Munzali a rai ba ko sau ɗaya shi ne mutanen nan ba 'yan unguwar ba ne. Yarinyar da ta tashi a bayan Hure, ai 'yar gida ce a wurinsa. Mutumin da suka tsufa a benci ɗaya, ai tuni ya daina ganinsa Balarabe. Sabo ya rufe masa ido.

Washegari ya ja ƙofar shago ya rufe, abin da bai yi ba tun rasuwar Hure. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya tasa Raghad a gaba suka hau benen da Abu Rayyan ke haya. Ya ƙwanƙwasa. Abu Rayyan ya buɗe, ya ga wadda ke tsaye a bayan amininsa, fuskarsa ta ɗaure.

“Kai ka shigo. Ita a'a.”

“In ba ta shiga ba, ni ma ban shiga ba,” in ji Munzali. “Yau kuma in na juya daga ƙofarka, ka san abin da ka yi.”

Abu Rayyan ya saki ƙofar ya koma ciki ya zauna a kujera ya kau da kai. Suka shiga. Raghad za ta zauna a gefen kujera, Munzali ya daka mata tsawa.

“Ƙasa! Wa ya ba ki kujera a gidan nan?”

Ta kalle shi da mamaki, ta zame ta zauna a kan kafet.

Sai ya fara. Ya ce mata mara kunya, mara tuna baya. Ya ce ubanta ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motoci, baƙin mai har cikin farcensa, don ta yi karatu, sakayyar ke nan ta sa ba ya iya ɗaga kai a masallaci. Ya ce ta je ƙasar mutane ta mance ko ita 'yar waye. Yana faɗa yana satar kallon Abu Rayyan ta gefen ido, yana jiran ya ji an ce ya isa. Shiru. Mutumin ya kafe ido a bango kamar ba da shi ake ba.

Raghad ta ce, “Ammu…”

“Rufe mini baki! Manya na magana kina sa baki?”

Zuciyar Munzali kamar ana yanka ta da wuƙar shagonsa, amma ya san in aka tsaya a tsakiya aikin ya ɓaci. Ya ƙara wuta. Ya ce waɗanda ta runguma ga shi sun juya sun kore ta daga aiki, ta yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Har yanzu uban bai motsa ba. Saura magana ɗaya, wadda ta fi kowace nauyi, wadda ya sha ji a benci daga bakin uban da kansa. Munzali ya ce a ransa Allah ka gafarta mini, ya sake ta.

“Kin sayar da jinin ɗanki don a tafa miki. Kin tsaya a kan kabarinsa ana ɗaukarki hoto. Macen da ta san zafin haihuwa ba za ta yi haka ba.”

Raghad ta yi wani ƙara, ba kuka ba, irin na wanda aka taka wa ciwo. Abu Rayyan ya miƙe zumbur, ya mance da ƙafarsa mai ciwo.

Madalla, in ji Munzali a ransa. Ya gyara tsayuwa yana shirin cewa, to tunda ka ce haka. Sai ya ji an shaƙe masa wuyan jallabiya.

“Kai waye?” Abu Rayyan yana huci, idanunsa jawur. “Kai waye da za ka shigo gidana ka ambaci jikana da wannan bakin? Ka taɓa wanke gawar ɗanka? Ita ta wanke jininsa daga jakar makarantarsa da hannunta! 'Yata ce! In ta yi laifi ni zan faɗa, ba mai gasa nama ba. Fita!”

Ya tura shi har bakin ƙofa. Kafin ƙofar ta rufu Munzali ya hangi Raghad a ƙasa ta ɗago kai tana kallonsa, ta ce a hankali, “Ammu, har da kai?”

Ya tsaya a matattakala yana gyara wuyan rigarsa, maɓalli ɗaya ya tsinke. Ta bayan ƙofa ya jiyo kukan mutum biyu, na mace da na tsoho, da muryar Abu Rayyan yana cewa ya isa, ya isa, 'yata, kin zo gida. Munzali ya yi murmushi yana share ido. Abin ya ɗan yi zafi fiye da yadda aka saba, amma ai Falasɗinawa ne, komai nasu da ƙarfi suke yi. Gobe mutumin zai zo su yi dariya, har ya sa shi ya biya maɓallinsa.

Gobe ta yi, ya dafa shayi na mutum biyu. Ba kowa. Jibi ma haka. Ya kira waya, tana shiga ba a ɗauka, daga baya ma ta daina shiga. Ya hange shi ranar Juma'a a masallaci, ya nufe shi da fara'a, Abu Rayyan ya ɗauki takalmansa ya fita ta wata ƙofar.

A nan ne abin ya faɗo wa Munzali. Inna lillahi! Ba su sani ba. Ba wanda ya taɓa yi wa Abu Rayyan irin wannan, ba wanda ya taɓa yi a gabansa. A wurinsa, amininsa ya shigo gidansa ya caka wa 'yarsa wuƙa a inda ya fi ciwo. A wurin yarinyar kuma, mutumin da ta ce shi kaɗai ya rage mata ya yi mata abin da ya fi na jarida muni. Ya zauna a bencin shi kaɗai, motocin alhazai na wucewa suna busa masa hayaƙi, ya ji kaɗaici ya danne shi irin wanda bai ji ba ko ranar da ya koma ɗakin Hure ya tarar ba kowa.

To, ai abin mai sauƙi ne, in ji shi. Zai je ya tsaya a ƙofa ko ba a buɗe ba, ya yi bayani daga waje. Ya ce al'adarmu ce, haka iyayenmu ke yi, wallahi ko kalma ɗaya ba ta fito daga zuciyata ba. Har ya tsara maganar da Larabci mai kyau yana maimaitawa a bakinsa.

Bai kai ga zuwa ba, ran nan bayan la'asar wata farar mota ta tsaya a gaban shagon. Sabri ne ya fito daga mazaunin direba. A gaba Abu Rayyan na zaune, gilashi a sauke, ya kafe ido a titi. A baya Raghad ce. Da gani asibiti aka kai tsohon a duba ƙafa, ƙanen da ya yi shekaru bai gaishe shi ba shi ke tuƙa shi.

Sabri ya tako har bakin benci, bai zauna ba.

“Ya Hajji, tambaya ɗaya ta kawo ni,” ya ce da murya ƙasa-ƙasa. “Yayana ya tara dangi ya ce ya mayar da 'yarsa gida ne don bare ya ci mutuncin jininmu a cikin ɗakinsa, kuma ba namijin da zai ga haka ya yi shiru. Wannan ko ni ba ni da ta cewa. Na ce wa mutanenmu kowa ya kama bakinsa, yarinya tamu ce, in da gyara mu za mu gyara. Amma na san ku. Tun ina saurayi nake ganinku a bencin nan. Jikina yana ba ni haɗa baki kuka yi don ku toshe mana baki. In wasa ne kuka shirya, ka gaya mini yanzu. Wallahi daga yau ba ita ba gidan kowa a cikinmu, kuma shi ma sai ya zaɓa, ko mu ko ita. Maganar da aka ce ka faɗa, da gaske kake?”

Munzali ya dubi motar. Ga bayanin nan a kan harshensa, a tsare, a wanke. In ya faɗa, Abu Rayyan zai ji, zai gane. Watakila ya yi fushi na kwana biyu don an yi masa dabara, amma zai dawo. Sai dai yarinyar za ta sake komawa masauki da jakarta, ko kuma tsohon ya sake rasa ƙanensa da sauran danginsa. Uban ya sami dalilin da zai riƙe 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma dalilin nan shi ne Munzali.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗaga murya yadda za ta kai cikin motar.

“Na faɗa, kuma da gaske nake. Ba wanda na haɗa baki da shi. Ko yau ta tsaya a gabana zan maimaita mata.”

Sabri ya gyaɗa kai kamar wanda aka sauke wa kaya. “To ka ji da kyau. Daga yau ko a hanya ka ga ɗayanmu, kada ka yi mana sallama.”

Ya juya ya shiga mota. Abu Rayyan bai waiwayo ba, ya sa hannu ya ɗaga gilashi. Ta cikin gilashin Munzali ya ga Raghad ta sunkuyo daga baya ta dafa kafaɗar ubanta, uban ya ɗora hannunsa a kan nata. Motar ta kutsa tsakanin manyan motocin alhazai ta ɓace.

Munzali ya ce alhamdu lillahi. Sulhu dai ya kama. A duk faɗin Makka mutum ɗaya ne ya san yadda aka ƙulla shi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.